Kundin aikin bin salsala daga takardun tsohuwar adaka, birnin Zariya

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An buɗe adakar a zaure, a gaban Baffa da mutum biyu daga ɗaya ɓangaren gidan, don kada gobe a ce wani abu ya yi ƙafa. Ba a karanta komai ba yau, ƙirga kawai aka yi. Akwai littafin fiƙihu na rubutun hannu, warƙa 143 marasa ɗinki a cikin tadarishi, wato bangon da ke riƙe su, an saka shi a gafaka. Akwai takardu daban-daban guda 31, daga ciki 14 rasit ne na haraji. Sai kaya biyar da ba takarda ba.

Kafin a ɗaga kowace takarda an ɗauki hoton yadda take kwance, domin jerin da aka same su a kai shi ma shaida ne: takardun da aka naɗe wuri ɗaya galibi na mutum ɗaya ne ko na magana ɗaya. Kowace ta sami lamba, T-01 zuwa T-31, littafin kuma L-01. Lambar a jikin farar takardar da aka naɗe ta ciki ake rubuta ta, da fensir. Biro ba ya zuwa kusa da tabarmar aiki.

T-01 ita ce wadda gida ke kira "salsala". Sunaye tara ne a jere, har zuwa wani malami da aka ce daga Barno ya taso. Manufar aikin ita ce a ga sunaye nawa a cikin taran nan sauran takardun za su tsaya musu.

Lahadi, 5 ga Janairu

Shara. Gara ta shiga ta ƙasan adakar ta ci gefen dama na takardu shida, amma tsohuwar ɓarna ce, ba gara mai rai. Kashin kyankyaso da ƙura an share su da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe, ba a bi ta kan rubutu da ƙarfi. An zare ƙusoshin takarda uku da suka yi tsatsa. Wani a baya ya liƙe T-09 da salatif. Robar ta bushe ta faɗi, ƙaron ya shige jikin takardar ya bar tabo ruwan ƙasa a kan layi biyu. Wannan tabon ba ya fita a gida, an bar shi yadda yake.

Ba a fesa maganin ƙwari ba. Yana da mai, kuma mai yana bin takarda ya zauna.

Laraba, 8 ga Janairu

Sayayya: buroshi biyu ₦1,500, rim ɗaya na babbar farar takarda ₦13,000, fensir da magogi ₦600, takunkumi ₦1,000, akwatin roba mai murfi guda biyu ₦9,000. Jimla ₦25,100. Takarda marar asid ce ta dace da naɗi. Kafin a samo ta, farar takarda sabuwa ta fi jarida da kwalin siminti nesa ba kusa ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ɗaukar hoto, kuma yau aka yi ɓarnar farko.

Tsarin: tabarma kusa da ƙofa inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, baƙin yadi a ƙasa, rula a gefe, lambar takarda a kan ɗan guntun kati a cikin kowane hoto. Waya a kwance a kan katako tsakanin tarin littattafai biyu, don ta kalli takardar sak ba a karkace ba. Ba a kunna fitilar waya. Gaba da baya ake ɗauka ko da bayan fari ne fat.

T-17 wasiƙa ce da aka ninka sau huɗu. Da aka zo buɗe ninki na uku sai ta tsage a kan layin ninkin, kimanin santimita shida, ta ratsa ta tsakiyar wani suna. Dalili a fili yake: hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, takardar da ta shekara ɗari a ninke ta zama kamar busasshen ganye. An dakatar da buɗe sauran ninkakku guda bakwai.

Gyaran da aka bi: an shimfiɗa tawul mai ɗanshi a gindin babban akwatin roba, an saka ƙaramin kwando a kife a kansa, takardar a kan kwandon yadda ba za ta taɓa ruwa ba, an rufe. Ana dubawa duk rabin awa. Bayan awa biyu da rabi ninkin ya saki da kansa. Daga nan sai tsakanin fararen takardu, katako a sama, littafi mai nauyi a kai, kwana biyu. Abin lura shi ne tawadar gawayi da ƙaro ruwa na narkar da ita, don haka ɗigo ɗaya daga murfin akwati ya isa ya share kalma. An ɗaura yadi a ƙarƙashin murfin saboda haka. Yambari kuwa, wata tawadar gargajiya, da yake akwai ƙarfe a cikinsa, ba a barinsa ya daɗe a ɗanshi.

Lahadi, 12 ga Janairu

An gama hotuna, 348 na gaba da baya. Filashin ajiye hotuna ₦7,500. An aika wa 'yan'uwa ta WhatsApp sai aka ga wasula sun dushe, domin yana matse hoto. An sake aikawa a matsayin fayil.

Asabar, 18 ga Janairu

Duba jikin takarda da haske ta baya. An kwantar da fitila a cikin kwali, gilashin taga a sama, takarda a kan gilashin, da daddare.

Warƙoƙin L-01 suna da layukan da ke cikin takardar hannu, kuma a yawancinsu ana ganin jinjirin wata uku a jere, babba, matsakaici, ƙarami. Wannan takardar Italiya ce, irin wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus da Gadamus su ratso Sahara da ita. A wasu warƙoƙin ga harufan AG, alamar masana'antar Andrea Galvani ta yankin Pordenone. Alamar ba ta ba da shekara, domin an daɗe ana buga ta tun ƙarni na 19 har cikin na 20, kuma malami yakan ajiye takarda shekaru kafin ya rubuta a kai. Amfaninta shi ne ta ƙaryata ko ta yarda da shekarar da marubuci ya sa.

T-01 kuwa, wato salsalar, falle ne na littafin makaranta mai layi, an rubuta da shuɗiyar tawadar kwalba da alƙalamin ƙarfe. Ita ce mafi ƙuruciya a duk adakar in ban da rasit. Ke nan wani ne ya zauna ya rubuta abin da ya ji, ko ya kwafo daga wata da ta lalace. Ba a raina ta ba, amma daga yau matsayinta na mai da'awa ne, sauran takardun su ne shaidu.

Lahadi, 19 ga Janairu

An kai hotunan ƙarshen L-01 wurin wani malamin zaure a Unguwar Juma wanda idonsa ya saba da tsohon hannu. Tun a layin farko ya gyara kuskure biyu. Na ɗaya, rubutun irin na Magariba ne: fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama. Mai karatun bugun Misira zai ga ƙafun ya ɗauka fa'un ne, suna ya canja gaba ɗaya. Na biyu, an ɗauka sunan da ke bayan "tammat", kalmar da ake rufe littafi da ita, na mai littafin ne. Malam ya nuna cewa sunaye biyu ne, na wanda ya rubuta da na wanda aka rubuta wa. Namu shi ne marubucin, Muhammadu, ya ambaci ubansa da kakansa. Sunayen nan biyu sun yi daidai da na T-01. Wannan ita ce shaida ta farko mai ƙarfi, domin mutum ne da hannunsa yake faɗin sunan ubansa, ba don ya kafa wata hujja ba.

Shekarar da ramzi aka rubuta ta, wato harufa a madadin lambobi: shinun, ra'un, fa'un. A lissafin Magariba, wanda malaman ƙasar nan ke bi, shinun 1000 ne, ra'un 200, fa'un 80, wato 1280. In aka bi lissafin Gabas, inda shinun ke 300, sai a sami 580, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Harufa shida ne suka saɓa tsakanin lissafin biyu. A na Magariba sadun 60, dadun 90, sinun 300, za'un mai sanda 800, gainun 900, shinun 1000. A rubuta su a bangon littafin aiki.

Juyawa zuwa miladiyya: a ninka shekarar hijira da 0.97 a ƙara 622. 1280 ta ba da 1863 da ɗoriya, kuma da yake shekarar ta faro a tsakiyar 1863 ta ƙare a 1864, an rubuta 1863/64. Takarda mai wata uku ta yarda da wannan.

Goron Malam, na wannan zama da mai zuwa, ₦10,000.

Alhamis, 23 ga Janairu

An jera warƙoƙin L-01 ta bin kalmar da ke ƙasan kowane shafi, wadda ke buɗe shafi na gaba. Wuri uku zaren ya yanke, warƙoƙi sun ɓata.

Asabar, 25 ga Janairu

An aiki yaro wani shagon kwamfuta da rasit uku a yi musu kwafi babba, saboda bugun ya dushe. Mai shagon, da nufin kyautatawa, ya liƙe ɗaya a cikin leda mai zafi. T-24 ke nan, rasit na 1934. Ba a iya ɓare ta: zafi ya narkar da ƙaron cikin jikin takardar, in aka ja sai fuskar rubutun ta biyo ledar. Haske ta baya ma yanzu ba ya nuna komai sosai. Sa'ar da aka yi akwai hotonta gaba da baya tun 12 ga wata. ₦1,200.

Doka daga yau: asali ba ya fita daga gida. Duk abin da za a buga, daga hoto za a buga shi. Haka nan ba a saka tsohuwar takarda a injin da ke jan takarda da kansa.

Lahadi, 26 ga Janairu

An jera rasit 14 bisa shekara, sai lissafi ya ƙi. Rasit na 1934, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, da sunan Muhammadu yake, ya biya sule bakwai. T-01 kuwa Muhammadu ɗaya tak ta sani a wannan gurbin. Wanda ya kwafe littafin fiƙihu mai warƙa fiye da 140 da hannu mai kyau a 1863 ba zai gaza shekara ashirin ba. A 1934 ya haura casa'in ke nan, kuma tsoho irin wannan ba a bin sa haraji. Sannan in aka raba shekarun tsakanin sunayen, gurbin nan shi kaɗai ya cinye kusan shekara saba'in, alhali tsakanin uba da ɗa talatin zuwa arba'in aka saba gani.

Zato: mutum biyu ne aka haɗe. An rubuta shi da fensir.

Asabar, 1 ga Fabrairu

T-12, zama na biyu da Malam, awa uku a kan falle ɗaya. Takardar rabon gado ce da Larabci, da hatimi a sama wanda ya dushe, gara ta cinye kusurwar ƙasa ta dama. Ramzinta shinun, sinun, kafun, alifun: 1000 da 300 da 20 da 1, wato 1321, daidai da 1903/04, farkon sarautar Aliyu Ɗan Sidi. Mamacin shi ne Muhammadu, da sunan uba irin na ƙarshen L-01. A cikin magada akwai Muhammadu Sani. Magana ta fito: uba da ɗa ne, duka Muhammadu. Mai rubuta T-01 ya zo kan "ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu" ya ɗauka maimaici ne ya zubar da ɗaya, ko kuwa tun a baki aka riga aka haɗe su. Salsala ta koma suna goma.

Dukiyar da kuɗin wuri aka ƙiyasta ta. Bayan biyan bashi saura zambar 240, wato wuri 240,000 ko keso 12, tunda keso ɗaya wuri 20,000 ne. Matan aure biyu sun raba sumuni, wato ɗaya bisa takwas, 30,000, kowace 15,000. Ba a fitar da sudusin uwa ko na uba ba, alamar sun riga shi rasuwa. Saura 210,000. A inda ake iya karantawa, 'ya'ya maza biyu kowane 60,000, mace ɗaya 30,000, jimla 150,000. Akwai 60,000 da ke cikin abin da gara ta ci. Tunda namiji rabon mata biyu yake ɗauka, wannan ko ɗa namiji ɗaya ne ko 'ya'ya mata biyu, ba na uku. Sunan Sani yana nuna an yi Auwalu kafin shi, amma wannan bai isa hujja ba, domin yana iya rasuwa kafin uban.

Akwai layi ɗaya da ya fi duk sauran nauyi. An ambaci mace ta uku da sunanta, ba a ba ta kaso ba, an kira ta "ummu waladihi", aka ce ta 'yantu da rasuwarsa. Sa-ɗaka ce da ta haihu. A shari'a ba ta gado, amma ɗanta ɗa ne cikakke, rabonsa daidai da na 'yan'uwansa, kuma takardar ta nuna ɗan nata shi ne Muhammadu Sani, wanda duk gidan nan ta kansa ya gangaro. Wani daga cikin manya ya nemi a tsallake layin in an zo bugawa. Ra'ayin masu aikin shi ne a rubuta sunanta a gurbinta. Uwa ce, kuma a duk adakar ita kaɗai ce macen wancan zamani da aka san sunanta da matsayinta a rubuce. An bar maganar sai Baffa ya tara mutane.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kaduna, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Fayilolin Lardin Zariya, masu alamar ZARPROF, sun fi ba da labarin hakimai, dagatai, gundumomi da ƙiyasin haraji. Talaka da malamin zaure ba kasafai sunansu ke fitowa ba sai in shari'a ta biyo ta kansu. Amfanin tafiyar shi ne an daidaita sunayen masu sarautar da ke jikin rasit da shekarunsu. Mai niyyar zuwa ya tafi da sunan unguwa, sunan hakimi da shekara a rubuce, kada ya tafi da sunan kakansa kawai. Mota, abinci da kwafi ₦9,000.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Zama da Gwaggo, an naɗi murya da izininta, minti 52. Ba a nuna mata T-01 ba, ba a kuma faɗa mata abin da T-12 ta ce ba, don kada a sa mata magana a baki. Shekarunta an auna su da husufin rana na 1947, ta ce lokacin ta fara talla. Ke nan haihuwar wajen 1940 ce.

Matsalar ita ce alkunya. Kakanta, Muhammadu Sani, ba ta kiransa sai Malam, duk mai sunansa kuma "mai sunan Malam". Aka ce, "Gwaggo, Malam shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifinsa?" Ta ce, "A'a, ɗan nan. Yana da ƙane, yana da wa. Wan nasa Gabas ya tafi a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gonarsa ta bayan Ƙofar Gayan har na yi wayo ana ce mata gonar mai tafiya." Wannan ya karkata ga cewa 60,000 ɗin na ɗa namiji ne, wanda aka ajiye wa rabonsa. Ji ne, don haka an shigar da shi da alamar ji.

Don warware sunaye an buɗe shafi na musamman: sunan yanka a gefe, laƙabi a gefe. Garba da Habu Abubakar ne, Shehu Usman ne, Audu yakan zama Abdullahi ko wani mai Abdul, Mamman Muhammadu. Abba da Baba sunan kaka suka ci. Tanko bayan mata ya zo, Gambo bayan tagwaye. Mutum ɗaya ya fito da suna uku a takardu uku, saura kaɗan a mai da shi mutum uku, kishiyar abin da ya sami Muhammadu biyu. Goro da turare ₦4,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kayan da ba takarda ba. Liyari biyu na azurfa masu kan mace, an huda su don rataya, da 1780 a jiki. A gida ana cewa wannan ce shekarar da kakan farko ya iso Zazzau. Ba haka ba ne. Kuɗin Mariya Tariza ne na ƙasar Ostiriya, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 ake sa masa, ko da an buga shi bayan shekara ɗari da hamsin. Ba a kafa tarihi da shi. Anini mai huda na zamanin Turawa ne, shekararsa ta gaskiya ce, amma ba ya faɗin mai shi. Gidan tawada na tagulla da ƙoramar alƙalami sun dace da gidan malanta. Ba a goge ko ɗaya da toka ko lemon tsami ba, busasshen yadi kawai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Inda aka tsaya. Suna goma a salsala. Biyar na ƙasa suna da takardar zamaninsu: rasit, rabon gado, ƙarshen littafi. Na shida ya tsaya a kan ambaton jikansa a L-01, shaida ɗaya amma mai kyau. Huɗun sama, har da malamin Barno, T-01 ce kaɗai ta san su. A zanen da za a raba wa dangi, masu takarda da baƙar tawada za a rubuta su, na ji da shuɗiya, huɗun sama da fensir, kowane suna da lambar takardarsa a gefe.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau ₦56,800.

An dakata saboda azumi. Bayan Salla, aiki uku. A je gidan dangi na Kusfa, inda aka ce akwai wata gafaka da aka raba da wannan tun rasuwar Malam kakan Gwaggo, a duba ko warƙoƙin L-01 da suka ɓata da kwafin rabon gadon suna can. A kai hotunan L-01 sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a gwada hannun da na sauran littattafan Zariya, ko a dace da wani da Muhammadu babba ya kwafa ya ambaci kakanni fiye da biyu. Sannan kafin ruwan farko a ɗaga akwatunan daga ƙasa zuwa kan kanta, nesa da bango, a buɗe murfi a duba su duk mako biyu, domin roba tana riƙe ɗanshi in damina ta kankama.